Hoton Baba a Lambun da Bai Taɓa Shiga Ba

Hoto ɗaya tak mahaifinmu ya bari a duniya, shi ne na jikin katin zaɓensa. Ɗan mitsitsi ne, bai fi kan babban yatsa ba, kuma a ciki ya zare ido kamar wanda aka ritsa, don mai ɗaukar ya ce masa kada ya ƙifta. Manomi ne a wani ƙauye ta wajen Birchi, a ƙasar Kurfi. Gero da dawa ya sani, sai wake idan damina ta yi albarka, sai 'yan tumakinsa. A gona ya faɗi wata safiya ana tsakiyar noma, maƙwabcin gonarsa ne ya hango shi kwance a cikin shuka. Ranar, Inna mahaifiyarmu ba ta ma ga fitarsa ba, domin tun da asuba aka kira ta maƙwabta inda wata ke naƙuda. Ta dawo da albishir ɗin haihuwa a bakinta, ta tarar da mutane cike da ƙofar gida.

Yayana wanda nake bi ɗan kasuwar hatsi ne a Dutsin-Ma. Allah ya buɗa masa, ya sauke farali, kowa Alhaji yake ce masa, ni dai har gobe Yaya nake cewa. Bayan an share makoki ya ɗauki katin nan ya kai shagon masu hoto, irin waɗanda ke gyara mutum a kwamfuta, ya ce a fito masa da Baba babba. Suka fito da shi kuwa. Sun sa masa farar babbar riga ta shadda mai aiki har ciki, sun ɗora masa hula zanna, sun goge tsagen da ke kumatunsa, sun wanke fatarsa har ta yi fari sol. Hancin ma sai da suka ɗan ja shi. A bayansa lambu ne kore shar, ga furanni, ga ruwa yana tsartuwa sama daga wani kwanon dutse, can nesa ga farin bene. Aka sa shi a gilashi, Yaya ya rataye a falonsa, duk wanda ya shigo sai ya ce masha Allahu, ashe tsohon haka yake da kwarjini.

Ranar da na fara ganinsa na daɗe a tsaye. Sannan na ce, "Yaya, wane hakimi ne wanga?"

Bai yi dariya ba. Ni ma ba don dariya na faɗa ba, raina ne ya ɓaci, kuma ni idan raina ya ɓaci bakina ke fara sani. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon ruwan sama, an tsayar da shi gaban ruwan da ake watsarwa don ado.

Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare a nan Dutsin-Ma. A gidanmu ba a taɓa ɗaukar wannan a bakin sana'a ba. Baba kansa in an tambaye shi aikina sai ya ce ina koyarwa, ya tsaya a nan. Duk shekara ina gaya wa ɗalibaina cewa masu zane iri biyu ne. Akwai masu zana duniya yadda zuciya ke so ta gan ta: duwatsu masu taɓo gajimare, jarumi a tsaye cikin guguwa rigarsa ko ƙura babu, makiyayi kyakkyawa yana busa sarewa ga tumakin da ba su taɓa jin yunwa ba. Akwai kuma waɗanda suka gaji da wannan, suka juya suka zana abin da ke gabansu, mace tana wanki bayanta ya ƙage, mai gyaran takalmi da baƙin farce, abincin talaka a kwanon da ya lotse. Ba na ɓoye wa yara ɓangaren da nake. Nakan ce musu su leƙa bangon kowane mai shayi ko bayan kowace babbar mota a tasha, za su ga tafki shuɗi da bishiyar kwakwa da gida mai jan rufi, abin da babu shi ko'ina tsakanin nan da Kurfi. Sai in tambaye su wanda ya taɓa ganin an zana uwarsa tana surfe. Sukan yi dariya, don a ganinsu surfe ba abin zanawa ba ne.

Da kwanan ƙauye ya fara gagarar mutane saboda 'yan bindiga, Yaya ya je ya ɗauko Inna ya dawo da ita gidansa. Ba da son ranta ba. Aka sayar da tumakin, aka ba wani ɗan'uwa aron gonar, gidan kuma aka ja masa ƙyaure. Damina ta bi ta kansa, muka ji labarin rumbu ya zube, ɗakin Baba ya rufta. Aka ba Inna ɗaki mai siminti da fanka, ƙofarsa tana kallon falo, ta yadda duk fitar da za ta yi sai ta wuce ta gaban hakimin nan na cikin lambu.

Wata ranar Asabar da la'asar na je gaishe ta, na same ta tana tsintar wake a faifai. Matar Yaya tana da masu yi mata, amma Inna ba ta iya zama hannu sake. Muka gaisa, ta tambayi yara. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Ni hwa Malam ya ɓace mani."

Malam take ce wa Baba. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Na ce, "Kamar yaya, Inna?"

Ta ce, "In na idar da salla ina yi mashi addu'a, sai in neme shi a zuciyata. Dauri da na rufe ido ga shi nan. Yanzu in na rufe, wancan na falo ke zuwa, mai farar riga. Ni kau ban san shi ba. Sai in ji kamar wani nike roƙa ma gahwara, nawa yana can ba mai tuna shi."

Ta faɗi haka muryarta ko rawa ba ta yi ba, ta ci gaba da tsintar wakenta. Gida ya rushe, gona ta koma hannun wani, yanzu kuma ɗan abin da ya rage mata a ƙirji ana ƙwace shi a hankali, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Na fito daga gidan nan da fushi da kuma wani irin farin ciki da ba na alfahari da shi, don a karon farko aikina zai yi wa wani amfani a gidanmu.

Na karɓo katin zaɓen. Na ɗaure yadi a katako, na shiga zanen fuskar Baba bayan an tashi makaranta, a ɗakin da muke ajiye fenti. Ban rage masa komai ba. Na mayar masa da baƙinsa da tsagensa, da jan goro a haƙoransa, da giɓin da ke gefe, da idonsa na dama da ya fara yin hazo, da furfurar gemun da ba ta taɓa cika ba. Na sa masa taguwar da yake zuwa gona da ita, wuyanta a yage. Na yi makonni a kai. Wani abokin aikina mai koyar da addini ya leƙo ya ce in ji tsoron Allah da zanen mai rai, na ce masa ya fara zuwa ya yi wa masu shagon hoto wa'azi, su da suka halicci mutumin da ba a taɓa haifa ba. Da na gama na ja da baya na duba. Baba ne, har kamar zai tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu.

Yaya na fara nuna wa, don gidansa ne. Ya duba, ya sake dubawa, fuskarsa ta canza. Ya tashi ya rufe ƙofar falo don kada yara su shigo.

Ya ce, "Wanga ba ya kwana gidana."

Na ce, "Ubanka ne hwa."

Ya ce, "Na san ubana, na riga ka saninshi. Ka taɓa ganin Baba ya tarbi baƙo da taguwar gona? Da ya ji sallama ɗaka yake shigewa shi sako rigar Juma'a. Kai kana ƙarami shekarar da hatsi ya ƙare mamu tun ba a yi shuka ba. Wa ya sani a garin? Kullum sai ya sa Inna ta hura wuta ta ɗora tukunya, ko da ruwa ne zalla, don maƙwabta su ga hayaƙi. Mutumin da ya rufa ma kanshi asiri har ya koma ga Allah, shi za ka rataya a bango da yagaggar riga, kowane baƙo shi kalla?"

Na buɗe baki, ya ɗaga mani hannu. Ya nuna hoton gilashin ya ce, "Lambun ga da kake ma dariya, ni addu'a ce. Bai samu nan ba, ina roƙa mashi can."

Wannan maganar ta shige ni. Shekara da shekaru ina yi wa masu zanen tafki da bene kallon maƙaryata, ban taɓa kawo wa raina cewa wataƙila roƙo suke yi da fenti ba. Labarin tukunyar ruwan ma ban san shi ba sai ranar. Amma taurin kai gadonmu ne, ni da shi duka. Na ce, "To ka roƙa mashi Aljanna da huskarshi mana. Don mi sai da ta wani?" Ya ce in iya bakina. Na ce ba don shi na zana ba, don Inna ne, kuma ita za ta raba mu. Na ɗauki zanena na nufi ɗakinta, ina da tabbacin yadda za a ƙare.

Na jingina shi a bango gabanta, na yaye ƙyallen da na rufa. Inna ta ɗago ta kalla sau ɗaya, ta yi maza ta sunkuyar da kai, ta jawo mayafinta gaba. Ta ce, "Allah shi yi albarka. Ka iya." Na tsaya ina jiran sauran, babu. Na ce ta duba da kyau mana. Ta ce ta gani. Ta shiga tambayata ko matata ta samu sauƙin ciwon haƙorin da take yi. Na fito, na wuce Yaya a falo ban kalle shi ba.

Na bar zanen a ɗakinta. Da na koma bayan 'yan kwanaki na tarar ta juya shi yana kallon bango. Na zauna, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce, "Inna, bai yi kama da shi ba ne?"

Ta ce, "Ya yi mana. Shi ya sa na juya shi. Ya tsare ni da ido, ko ɗankwali ban iya gyarawa."

Na ce, "To ai shi kike nema."

Ta yi ɗan murmushi irin na wanda yaro ya yi wa tambayar wauta. Ta ce, "Kai, mu a zamaninmu wa ke tsayawa ta ƙare ma miji kallo? In yana magana kaina na ƙasa. In na kai mashi tuwo in aje in tashi. Huskar ga ku kuka san ta, ku da kuke zamna gabanshi. Ni in zai tahi gona nike kallonshi. Ina bakin murhu, shi bi ta tsakar gida shi duƙa shi shige zaure, in ce a dawo lahiya, shi ɗaga hannu bai waiwayo ba. Nan ne nike kallonshi son raina."

A gidan nan na girma, a gabana aka yi wannan zaman, amma ban taɓa lura da ta ina Inna take ganin mijinta ba. Ni da Yaya mun yi ta jayayya a kan fuska, ɗaya ya wanke ta, ɗaya ya mayar mata da tsage, alhali matar da muke yi dominta ba ta nan ta san shi ba.

Ranar kasuwar Kurfi na hau mota na tafi, daga can na ɗauki ɗan acaɓa zuwa ƙauyenmu, da sharaɗin za mu juyo tun rana na sama. Gidan ya zama kango. Ciyawa ta cinye tsakar gida, ƙasar rumbu ta zama tudu, amma zauren yana tsaye, da gajeriyar ƙofarsa da bishiyar bedi, wato darbejiya, da ke leƙowa ta samansa. Duwatsun murhun Inna suna nan inda ta bar su, da baƙinsu. Na tsuguna a wurin, daidai tsayin mace a kan kujerar tsugunne, na kalli ƙofar zaure. Daga nan na zana ta a takarda, da tsagewar da ke bangon da inda kafaɗa ta goge ƙasar ta yi sulɓi. Ina cikin yi na tuna ashe ni ma na san bayan nan. Shi na yi ta bi a siririyar hanyar gona ina yaro, ban dai taɓa ɗaukarsa a bakin abin tunawa ba.

Zane na biyu bai ba ni wahala kamar na farko ba. Safiya ce, rana ba ta gama fitowa ba. Mutum ya ba da baya, ya ɗan duƙa zai shiga zaure. Hauya a kafaɗarsa ta dama, kafaɗar hagu ta ɗan sauka, yadda ta zauna tun faɗowar da ya yi daga kan rumbu. Ƙafar wando ɗaya a naɗe ta fi ɗaya. Takalmin taya, dugadugai duk faso. Hula ta koɗe ta koma kalar ƙasa, ƙeya da tattara, goran fura yana reto a gefe. A tsakiyar bayan taguwar akwai maho da aka yi da wani yadi mai ruwan bula wanda bai dace da rigar ba, na tuna shi sarai don daga tsohon zanin Inna aka yanko. Hannun hagu a ɗage, bai kai kunne ba. Babu fure ko ɗaya, sai kaza tana tono a gindin bango.

Wannan karon ma sai da na bi ta falo. Yaya ya ce in buɗe ya gani. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa kusa da mahon nan bai taɓa ba. A ƙarshe ya ce, "Baƙo dai ba ya gane ko wane ne." Na ce haka ne. Ya ce, "To shiga da shi." Bai ce ya yi kyau ba, ni ma ban ce ya sauke nasa ba. Har yau hakimin yana nan a lambunsa, kuma na daina yi masa dariya, ko da yake ban fara sonsa ba.

Inna tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu. Na jingina zanen kusa da ƙofa, a ƙasa, na koma gefe na zauna. Ta ɗago. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta taɓa mayafinta ba. Ta kalle shi tun daga hula har dugadugai, ta koma sama, ta tsaya a kan mahon. Carbin ya daina motsi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai ji ana kiran la'asar ba wanda ya motsa a cikinmu. Hawaye ya gangaro mata ba ta share ba, ita da ko ranar rasuwar ba a gabanmu ta yi kukanta ba.

Ta ce, "Ranar nan ban ga hitarshi ba."

Na ce, "Na sani, Inna."

Ta gyara zama, ta fuskanci zanen sosai kamar ba na ɗakin. A hankali, da muryar da na saba ji daga bakin murhu kowace safiya, ta fara, "A dawo..." Sai ta tsaya. Ta haɗiye sauran.

Sannan ta ce, "A sauka lahiya, Malam."